Kilomita 640 da yara uku a kujerar baya

Taswirar waya ta ce awa 8 da rabi ne tsakaninmu da inda za mu yi hutu, kilomita 640. Wannan lissafin na direban da ke shi kaɗai ne, wanda ba zai taka birki ba sai tanki ya nemi mai. Mu kuwa mu biyar ne: ni a sitiyari, uwargida a gefena, a baya kuma babbar 'yar shekara 7, mai bi mata ɗan shekara 3, sai auta mai wata 9. A irin wannan mota, mafi ƙanƙanta ita ke riƙe da agogo, kuma a kan jikinta muka gina duk tsarin tafiyar.

Ba a so jariri ya wuce awa 2 a jere cikin kujerar jarirai ta mota. Masu ƙera kujerun da ma'aikatan lafiyar yara da dama sun tafi a kan haka, saboda dogon zama a rabin kishingiɗe yakan sa kai ya rinjayo kan ƙirji, hanyar numfashi ta matse. Direba ma yana da tasa iyakar: littafin dokokin tuƙi na Birtaniya ya ce a huta aƙalla minti 15 bayan kowace awa 2. Sai dai da yara minti 15 ba ya kai ka ko'ina. A kwance mutum uku, a canja famfas, a shayar, a kai na tsakiya bayan gida, a sake ɗaure kowa, rabin awa ke nan idan komai ya tafi daidai. Na ɗauko takarda na tara: tuƙi awa 8 da rabi, gajeriyar tsayawa sau 3 ta rabin awa kowace, da babbar tsayawar tsakar rana ta awa guda da rabi. Awa 11 da rabi, ban sa cunkoso ba, ban sa facin taya ba. Nan muka raba hanyar biyu, kilomita 380 a ranar farko, 260 a ta biyu, muka kama masauki a tsakani. Rabo mai tsawo ya zo a farko ne da gangan, domin haƙurin yara a rana ta biyu bai kai na farko ba.

An ba mu shawarar mu tashi cikin dare, yara na barci, a ci rabin hanya kafin su farka. Ban karɓa ba, kuma ba na ba kowa ita. Tsakanin sha biyun dare da asuba ne jikin mutum ya fi neman barci, gyangyaɗin daƙiƙa uku kuma ya isa mota ta bar hannunta. Idan ta lalace a wannan lokacin, babu bakanike, babu mai faci, ga yara cikin duhu a bakin titi. Ko an isa lafiya, su za su tashi da kuzari daidai lokacin da direba ya gama ƙarewa.

Motar na kai wa bakanike saura mako guda, ba ana gobe tafiya ba. Duk abin da aka kwance aka mayar yana bukatar 'yan kwanaki na zirga-zirgar gari kafin a gane ko yana yoyo ko an bar wani noti sako-sako. Ya duba baƙin mai, man birki, ruwan lagireto, fambel, kawunan batir, fitilu da waifa. Na'urar sanyaya mota ma na sa ya duba, domin jaririyar da ke fuskantar baya, kujera ta rungume ta ta ko'ina, ita ce ta fi kowa jin zafi.

Taya ni na duba da kaina. A gefen kowace akwai rubutun da ya fara da DOT ya ƙare da lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na 2019. Roba tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba, saboda haka wadda ta wuce shekara 6 a sa mata ido sosai, wadda ta kai 10 a cire ta ko da tana ƙyalli. Zurfin zane kada ya gaza milimita 1.6, wanda shi ne mafi ƙarancin da dokar ƙasashe da yawa ta yarda da shi. Iska kuma ana auna ta ne da safe, taya na sanyi, kuma adadin da ake bi shi ne na takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba na gefen taya ba. Na gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne. A motoci da yawa takardar tana da layi biyu, na mota mai sauƙin kaya da na mota cike. Na cike muka bi. Tayar da iskarta ta gaza ga kaya a kanta tana lanƙwasa a kowane juyi, tana ɗaukar zafi, ita ce ke fashewa a kan gudu.

Safaya ita ake mantawa. Na fito da ita na auna, na ɗaga motar da jak a ƙofar gida, na gwada sifana a kan notunan ƙafa. Guda biyu sun ƙi motsi, saboda da injin iska aka ɗaure su a gyaran baya. Gara a gano haka a gida, a sa a sassauta a ɗaure daidai. Idan safayar siririya ce ta wucin gadi, yawanci an rubuta mata iyakar gudun kilomita 80 a awa.

Kujerun yara su suka fi cin lokacinmu, kuma sun cancanta. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ita ce kuma ta ce kujerar yaro na iya rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin ɗari. Mai ganin rungumar uwa ta wadatar ya yi wannan lissafin: karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. A wannan ƙiftawar ido nauyin yaro yakan ninka sau 20 ko fiye, wato jaririya mai kilo 9 ta koma kamar kilo 180 tana fizgar kanta gaba. Babu hannun da zai riƙe wannan. Idan kuma an zagaya bel ɗaya a kan uwa da ɗa, nauyin uwar ne zai matse ɗan a jikin bel ɗin.

Auta ta zauna tana fuskantar baya. Kan jariri babba ne idan aka gwada da jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba. Idan yana kallon gaba aka yi karo, kai ne zai tafi ya bar kafaɗu a ɗaure, wuya ya ɗauki duk nauyin. Idan yana kallon baya, bayan kujerar ne ke tare kai da wuya da gadon baya tare. Wani masani ɗan Suwidin, Bertil Aldman, shi ya fito da wannan tsari a shekarun 1960, bayan ya lura da yadda 'yan sama jannati ke kwanciya a kan baya lokacin tashin kumbo. Ƙa'idar R129 da Turai ta fara aiki da ita a 2013 ta wajabta fuskantar baya har zuwa wata 15 aƙalla, likitocin yara na Amurka kuma sun ce a ci gaba har yaro ya kai iyakar tsawo ko nauyin da aka rubuta wa kujerar. Naɗewar ƙafafu ba dalilin juya yaro ba ne, sukan tanƙwashe su ba tare da damuwa ba. Kuma irin wannan kujera ba a taɓa sa ta a gaba inda jakar iska, wadda ke kumbura ta tare mutum lokacin karo, ke aiki. Idan ta buɗe, bayan kan jaririn za ta daka.

Ɗan shekara 3 yana kujera mai igiyoyinta biyar, yana kallon gaba. Babbar, mai tsawon santimita 120, tana kan kujerar ƙarin tsawo, bel ɗin mota ne ke riƙe ta. An yanka bel ne don jikin babba. Yaro ya zauna kai tsaye, na ƙasa ya hau ciki, na sama ya yanki wuya, shi ya sa za ka ga ya tura shi ƙarƙashin hamata ko bayansa. Daidai shi ne na ƙasa ya kwanta a kan ƙashin ƙugu da saman cinya, na sama ya bi tsakiyar kafaɗa. A Turai sai yaro ya kai santimita 135, a wasu ƙasashen 150, kafin ya rabu da wannan kujera.

Jera uku a layi ɗaya shi ne inda aiki yake, kuma motoci da yawa ba sa ɗauka. Mun gwada saura kwana biyar. Jerin farko bai yiwu ba, domin wurin tsakiya na motarmu bel ɗin cinya kawai gare shi, kujerar ƙarin tsawo kuwa dole sai da na kafaɗa. Sai babbar ta koma bakin ƙofa, ɗan shekara 3 ya shiga tsakiya (littafin kujerarsa ya yarda a ɗaure ta da bel ɗin cinya), auta a ɗaya ƙofar a kan ƙugiyoyin ISOFIX, wato ƙarafan da aka ƙera a jikin mota don maƙala kujerar yaro. Bayan ɗaurewa na kama kowace kujera daidai inda bel ya ratsa ta na girgiza hagu da dama: idan ta motsa fiye da santimita 2 da rabi, a kwance a sake, a danna da gwiwa yayin jan bel. Igiyoyin jikin yaro kuma, mai kallon baya su fito daidai kafaɗa ko ƙasa kaɗan, mai kallon gaba daidai kafaɗa ko sama kaɗan. Idan ka iya tsunkule igiyar a saman kafaɗa ta naɗe tsakanin yatsunka, ba ta ɗauru ba. Riga mai kauri ba ta shiga ƙarƙashin igiya, domin tana lotsewa a karo ta bar rata. A ɗaure yaro tukuna, sannan a lulluɓa masa bargo a sama. Wanda zai sayi ta hannu, ya tabbata ba ta taɓa shiga haɗari ba, ya kuma duba kwanan watan da ke jikinta, don robarta ma tana da wa'adi.

Da yake babu wurin babba a baya, mun ɗaura madubin roba a matashin kan kujerar da auta ke kallo, yadda uwargida za ta ga fuskarta daga gaba.

Lodin kaya daren tafiya muka yi. Masu nauyi a ƙasa, jingine da bayan kujera, babu abin da ya haura tsayin kujerar, babu komai a kan shiryayyen gilashin baya. Filas ko kwalbar da ke yawo cikin mota dutse ce idan aka taka birki da ƙarfi. Safayarmu a ƙarƙashin but take, don haka muka tattara kaya cikin manyan jakunkuna huɗu da za a iya saukewa cikin minti biyu, ba tarkacen ledoji ashirin ba. Jakar kwana ɗaya ta masauki ita ta shiga ƙarshe, don kada a zazzage but gaba ɗaya saboda buroshin haƙori.

Jakar da ta fi kowace aiki tana ƙafar uwargida. Famfas 8 na yini, wato ɗaya ga kowace awa 2 da ragowa, tsumman goge jiki, shimfiɗar canji, kayan sawa kashi biyu ga kowane yaro, kowane kashi a naɗe cikin ledarsa, yadda ledar da ta kawo mai tsabta ita za ta ɗauke mai datti, ƙaramin tawul biyu, riga ɗaiɗai ta manya, domin aman jariri a kafaɗar mai ɗauka yake sauka. Magani ma a nan yake, ba a aljihun gaban mota ba inda zafi ke dafa shi. Akwai ma'aunin zafin jiki, filasta, da farasitamol na ruwa tare da sirinjinsa. An auna nauyin kowane yaro kafin tafiya, likita ya rubuta adadin kowa, muka manna a jikin kwalbar. Ma'aunin da aka saba shi ne miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, kada ya wuce sau 4 a awa 24, amma kwalabe sun bambanta: wata miligiram 120 ce a mililita 5, wata 250. Mai ba da cokali guda da ka, ba tare da karanta kwalba ba, zai iya ninka adadin bai sani ba. Mun riƙe ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, a bi adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. Idan babu, lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ruwan sha muka ɗauka fiye da yadda muke zato, da jarka mai lita 5 daban ta wanke hannu da lagireto.

Ƙarfe 6 da rabi muka tashi, bayan kowa ya yi barcinsa cikakke. Karin kumallo mara maiƙo, kaɗan, ba ciki wayam ba kuma ba a cika shi ba. Kowa ya shiga bayan gida, har wanda ya ce ba ya ji. Na kunna makullin yara da ke gefen ƙofofin baya, na kulle gilasai daga wurina. Sharaɗi ɗaya muka yi da uwargida: baya nata ne, titi nawa. A gudun kilomita 100, mota na cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Waiwayen daƙiƙa biyu don ɗauko abin wasan da ya faɗi, mita 56 ke nan babu mai tuƙi.

Zangon farko shi ne mafi daɗi, auta ta koma barci, hanya babu zafi. Shi ya sa muka ba shi cikakkiyar awa 2.

Wurin tsayawa ya fi titi ba ni tsoro. A gidan mai motoci na ja da baya, kuma direba ba ya ganin yaron da bai kai mita guda ba a madubinsa. Tsarinmu bai canja ba har muka dawo: a faka nesa da famfo da hanyar shiga, babba ya fita tukuna, ɗan shekara 3 ba a kwance shi sai akwai hannun da zai riƙe nasa, kowa ya fita ta gefen da babu motoci. Sai a samu fili su yi gudu na minti 10, gudu na gaske, domin yaron da bai motsa ba a tsayawa zai motsa a mota. Auta a shimfiɗe ta a kan baya ta miƙe, sannan ta sha nono. Ba a ciro jariri daga kujera mota na tafiya, ko don shayarwa, ko kukansa ya kai ina. A nemi wuri a tsaya. Masu ba da madarar gwangwani su riƙe garin daban, ruwan zafi a filas daban, a haɗa lokacin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan haɗin kada ya gaza digiri 70, sannan a huce shi, kuma wadda aka haɗa ta yi awa 2 a waje zubarwa ake yi.

Abinci a tsaye muke ba ƙananan. Yaron da ya shaƙe ba ya ihu, shiru yake yi, ga shi a ɗaure a bayanka, kuma kafin ka samu wurin tsayawa ka kwance shi lokaci ya tafi. Ƙasa da shekara 4, babu gyaɗa, babu alewa mai tauri, babu inabi guda ba a tsaga ba. A cikin tafiya ruwa kawai, a kofi mai murfi.

Da rana ta ɗaga, kafin mu bar motar mukan rufe kujerun da tawul, saboda ƙarfen makullin igiya yana ƙona cinyar yaro. Kuma ko auta na barci, ko biyan kuɗin mai kawai za a je, ba a barin ta ciki. Zafin cikin motar da ke rufe yana ƙaruwa da kusan digiri 10 a minti 10 na farko, sauke gilashi kaɗan ba ya hana shi, jikin yaro kuma yana ɗaukar zafi sau 3 zuwa 5 fiye da na babba. Da zafin jiki ya kai digiri 40, an shiga haɗari. Duk tsayawa sai na leƙa baya na ƙirga kafin in kulle.

A zango na biyu ne abin da muka yi kuskure a kansa ya fito. Hanya ta shiga tuddai da kwanoni, babbar kuma tana kallon waya a cinyarta. Ta yi shiru, tana hamma, fuska ta yi fari, goshi ya jiƙe. “Umma, cikina,” ta ce, kafin in sami gefen da zan tsaya ta riga ta yi amai. Abin da ke faruwa shi ne, ido na kan abin da ba ya motsi yana shaida wa ƙwaƙwalwa a zaune ake, cikin kunne kuwa, inda ma'aunin daidaiton jiki yake, yana jin kowace kwana. Saɓanin nan ke tayar da zuciya. Bai cika kama 'yan ƙasa da shekara 2 ba, ya fi yawa daga nan zuwa 12. Alamun da suka riga aman su ne abin lura: shirun da bai dace ba, hamma, yawan haɗiyar miyau, zufa mai sanyi. Da an gan su a tsaya, ta taka ƙasa, ta sha iska, ta kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan. Mun rasa minti 40 a wurin. Daga nan waya ta koma jaka, aka ba ta roba mai murfi a kusa (ta fi leda, don yaro ba ya iya buɗe leda a kan lokaci), aka ce ta riƙa kallon nesa ta gilashin gaba, ni kuma na rage gudu kafin kowace kwana maimakon taka birki a cikinta. Akwai maganin jirin mota, amma ana shan sa ne rabin awa zuwa awa guda kafin tashi, ba bayan an fara ba, yana sa barci, kuma ba kowane ne ake ba ƙananan yara ba. Wannan sai da likita. Bel ko igiyar da ta ɓaci a goge ta da ɗanyen tsumma da sabulu mara ƙarfi, kada a jiƙa ta cikin ruwa ko a sa mata bilic, don yana raunana zaren.

“Baba, mun kusa?” Ɗan shekara 3 bai san awa ba, don haka cewa saura awa biyu bai gaya masa komai ba. Abin da ya gane shi ne ƙirgen tsayawa: za mu tsaya sau ɗaya, ka yi gudu, daga nan sai ɗakin da za mu kwana. Yayarsa mun zana mata hanyar a takarda da alamomi biyar, gada, tsauni, babban gari, tana sokewa idan mun wuce, shi kuma ya koma tambayarta: “Yaya, saura nawa?” Kayan wasa masu laushi ne kawai, kuma ɗaya bayan ɗaya ake fitarwa, a zube su duka a farko, cikin rabin awa sun gundure shi. Ƙirga jajayen motoci da kacici-kacici sun fi komai aiki, don suna ɗaga ido daga cinya zuwa nesa.

Mai kuwa da allura ta kai rabi nake sha, ba na jira ta sauka. Taswirar na sauke ta a waya tun a gida saboda wuraren da babu sabis, lambar masauki kuma tana rubuce a takarda. Lambar wayata ma tana aljihun manyan biyu. Mun kuma yi magana tun kafin tashi a kan abin da za a yi idan mota ta tsaya: a fitar da ita daga kan titi iyakar iyawa, a kunna fitilun gargaɗi, a ajiye alamar kusurwa uku aƙalla mita 45 a baya, uwargida ta fita da yara ta gefen da babu motoci su yi nisa da titi. Idan zafi ta yi, ba a taɓa murfin lagireto sai injin ya huce, aƙalla rabin awa, domin ruwan na ƙarƙashin matsi, zai yi tsiri ya ƙona fuska.

Wajen ƙarfe 2 muka isa masauki. Isa da rana ya ba yara sauran yini su sake, ni kuma na sami barcin da gobe ke bukata. Ɗakin ƙasa muka nema tun da muka kira. Kafin a saki kowa na durƙusa na duba ɗakin daga tsayin mai rarrafe: soket, wayar fitila da ke lilo, kofin gilashi a bakin tebur, ƙofar baranda. Bokitin ruwa a bayan gida na zubar na kife, domin ruwa kaɗan ya isa jariri ya nutse, ƙofar kuma ta zauna a rufe. Auta ba ta kwana a kujerar mota ba ko da a cikinta ta iso tana barci. A kan baya ta kwanta, a shimfiɗa mai tauri, babu matashi. Bargon da ɗan shekara 3 ya saba da shi mun zo da shi, lokacin kwanciya kuma na gida muka bi.

Da safe, taya na sanyi, na sake aunawa, na duba ƙarƙashin mota ko akwai ɗigo, na ja sandar baƙin mai. Sannan na girgiza kujerun kamar yadda na yi a gida. Ta tsakiya ta taho hannuna gaba ɗaya. Makullan bel biyu suna manne da juna a tsakanin kujerun, kuma da babbar za ta fita jiya, ta lalubi nata ta danna na ƙanenta. Kujerar na nan zaune a inda take, igiyoyinta lafiya, ido ba zai taɓa gane cewa babu abin da ya haɗa ta da mota ba. Na sake ɗaure ta, na naɗa jan ƙyalle a gindin makullin tsakiya, na nuna wa babbar: mai ja ba nata ba ne. Daga ranar girgiza kujeru ta shiga cikin kowace tsayawa, kafin in tayar da mota.

Kilomita 260 da suka rage mun yi su da tsayawa ɗaya, muka isa kafin tsakar rana. Ranar dawowa kuma muka sa ta saura kwana biyu a koma makaranta da aiki, amma ba a masaukin nan muka kama ɗaki ba, wannan karon rabo mai tsawo a ranar farko ya zama daga can, kilomita 260 ta koma 380 ta hanyar matsar da wurin kwana gaba zuwa garin da ke bi masa.